Kundin aiki: wasanni uku, ƙungiya ɗaya, mako shida a Maraɗi

5 ga Oktoba

Yau bayan la'asar muka zauna, mu goma sha huɗu, muka tsayar da magana: bana ƙungiyarmu za ta riƙe wasanni uku a lokaci guda, ta riƙa juya su bi da bi har mako shida, daga tsakiyar Janairu zuwa gab da azumi. Ni aka ɗora wa rubuta yadda aikin ke tafiya, shi ya sa na buɗe wannan kundi.

Abin da ya kai mu ga haka, duk mai yin teyatur a Maraɗi ya san shi. Wata ƙungiyar agaji za ta zo da saƙonta, rigakafi ko tsabtar ruwa ko sa ƴaƴa mata lakwal, ta ba da kuɗin mai da na abinci. Mu haɗa wasa a gurguje, mu nuna shi sau ɗaya ko biyu, a ɗauki hoto, kowa ya kama gabansa. Bayan wata uku ka tambayi wanda ya fito a mai gari me ya faɗa a wasan, ba zai kawo maka rabinsa ba. Ban raina wannan aiki ba. Da shi da yawanmu ke rufa wa kansu asiri, saƙonnin kuma na gaskiya ne. Amma wasa ba ya kai wa ga ƙarfinsa a daren farko. Sai an yi shi gaban mutane iri-iri kafin ɗan wasa ya san inda ake dariya, inda ake yin tsit, inda ya kamata ya dakata ya ja numfashi. Mu kuwa daidai lokacin da wasan ya fara zama a jikinmu muke jefar da shi. Wannan asarar ta daɗe tana ci mini rai.

Na kawo wa taron misalin da na jima ina karatu a kansa, wato bikin wasan kwaikwayo na Stratford, a lardin Ontariyo na ƙasar Kanada. Tun 1953 ake yin sa. Ana ɗaukar ƴan wasa su zama ƙungiya guda daga Afrilu har Oktoba, a shirya wasanni goma sha wani abu, a riƙa nuna su karɓa-karɓa. Wanda ya fito a sarki da rana, da dare sai ka gan shi bara a wani wasan. Baƙon da ya kwana biyu a garin yana iya kallon wasanni uku ko huɗu kafin ya koma gida. Shi muke so mu gwada daidai ƙarfinmu.

12 ga Oktoba

Wani daga cikin samarinmu, mai kabu-kabu, ya fito da maganar da na san tana zukatan sauran. Ya ce, "Mushe, Kanada fa ƙasar masu kuɗi ce. Mu da ko benci sai mun ara, ina mu ina su?" Sai na ba su labarin yadda abin ya faro.

Stratford garin jirgin ƙasa ne. A farkon shekarun 1950 mutanensa ba su kai 20,000 ba, kuma abincin da yawansu yana cikin babbar ma'aikatar gyaran kawunan jirgi masu aiki da tururi. Da aka fara komawa injin dizal, kowa ya ga inda aka dosa. Wani ɗan jarida haifaffen garin, Tom Patterson, ya ce tunda garinsu ya ci sunan mahaifar Shakespeare, shahararren marubucin wasan kwaikwayon nan na Ingila, har koginsu ma Avon ake ce masa, me zai hana a yi bikin wasanninsa a nan, baƙi su zo su kwana, su ci, su saya? A 1952 majalisar gari ta ba shi dalar Kanada 125, guzurin tafiya New York neman wanda zai jagoranci abin. Bai samu ganin wanda ya je nema ba. Wata mata mai harkar wasan kwaikwayo a Toronto, Dora Mavor Moore, ita ta nuna masa hanyar Tyrone Guthrie, babban darektan nan na Birtaniya. Guthrie ya zo ya ga garin, ya yarda, da sharaɗin a bar shi ya gina irin dandalin da ya daɗe yana so.

Ana tsakiyar gini kuɗi suka ƙare. Ɗan kwangilar, Oliver Gaffney, ya ci gaba da aiki ba a biya shi ba. Halin yin rufi babu, sai aka kafa ƙaton tanti bisa wurin zaman siminti mai hawa-hawa. Ranar 13 ga Yuli 1953 ɗan wasan Birtaniya Alec Guinness ya fito a wasan Shakespeare mai suna Richard III, washegari aka nuna wasa na biyu, All's Well That Ends Well, da mutanen nan dai. Wasanni biyu kacal aka yi ta juyawa har mako shida, sama da mutum 68,000 suka kalla. Mako shidanmu daga nan muka ɗauko shi.

Na faɗa musu ba Shakespeare nake so mu aro ba, labarai muna da su har sun yi mana yawa. Tsarin nake so, da haƙurin da ke tafe da shi. Yaron bai ce ya gamsu ba, amma ya ce zai zo bita.

26 ga Oktoba

Wasanni biyu sun tsaya. Na farko na tarihi ne, a kan ambaliyar 1945, lokacin da Gulbi ya cika ya shiga tsohon gari da ke cikin kwari, aka tashi mutane zuwa tudu. Na biyu na ban dariya ne, rabon gadon wani dillalin gyaɗa da ya rasu ya bar mata uku da bashi a kasuwa. Na ukun muka ce ba za mu ƙirƙira ba, tsoho za mu tono.

Saboda haka muka tafi Bagalam wajen wani dattijo da ya yi wasa zamanin Samariya. Muka same shi a zaure bisa buzu, rediyo a gefensa. Bayan gaisuwa na ce, "Baba, tsohon wasa muka zo roƙo." Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Ɗana, an jima ba wanda ya tambaye ni wannan."

Ya ba mu labarin zamanin Seyni Kountché, lokacin da kowace unguwa ke da Samariyarta, ana kuma yin bikin matasa na ƙasa, jihohi su kawo waƙa da rawa da teyatur a yi gasa. Wasan Hausa ya yi tashe sosai a lokacin, rediyo da telebijin na ƙasa suna sa shi, sunan Yazi Dogo ya shiga kowane gida. Ya ce su ba sa rubuta magana kalma-kalma. A zauna a tsara labari, a yanka shi fita-fita, kowa ya san inda zai shiga da inda zai kai maganar, sauran kuma bakinsa ne zai cika. Amma da an gama gasa an raba kyauta, wasan ya tafi ke nan, sai neman na baɗi. Ashe ciwon tsoho ne.

Sai ya tuno ɗaya, na wani ɗan ci-rani da ya yi shekara bakwai a Kurmi, ya dawo da rediyo da tabarau, aljihu wayam, ya tarar ƙanensa ne ke riƙe da gida da gona. Yana cikin faɗa sai ya dafa bango ya miƙe. Ya karkato hularsa zuwa goshi, ya rataya rediyon nan nasa a kafaɗa, ya tako daga ƙofar zaure zuwa tsakiya yana ɗingishin mai sabon takalmi. Ya yi sallama da wata murya da ba tasa ba, siririya mai yanga, sannan ya juya ya amsa da muryar uwar yaron, har da riƙe haɓa. Jikokinsa da ke leƙe daga cikin gida suka fashe da dariya, ba su taɓa ganin kakansu haka ba. Mun ɗauka da waya. Ya yarda zai riƙa zuwa bita ranar Lahadi, a ɗauko shi a mayar.

A hanyar komawa na tuna William Hutt, wanda yana cikin ƴan wasan Stratford na 1953, kuma sai a 2005 ya yi wasansa na ƙarshe a dandalinsu. Yara nawa suka koyi sana'a a tsaye kusa da shi? Namu dattawan suna zaune a zaure da wasanni a ka, duk wanda ya rasu ya tafi da nasa. Wannan ɗaya dai, in Allah ya yarda, mun kama shi.

9 ga Nuwamba

Mun samu wuri, farfajiyar wata makaranta mai zaman kanta a unguwar Zariya, da sharaɗin mu share mu mayar da komai inda yake kafin safiyar Litinin. Kafinta ya zo ya auna. Ya ce, "Mushe, katako ya yi tsada, in na ce ku saya na cuce ku." Ya ba da shawarar a jera bulo, a yi hayar allunan magina a shimfiɗa a kai, a ɗaure da waya. Tsawo mita biyar, faɗi huɗu, tsayi daidai gwiwa.

Gardamar da muka yi a kan siffar dandalin ce. Wasu suna son irin na bikin raba kyauta a lakwal, a manne shi da bango, a sa labule, mutane su zauna a gaba layi-layi. Ni na nace a turo shi cikin jama'a, masu kallo su kewaye shi ta gefe uku. Irin wannan ne Tanya Moiseiwitsch ta zana wa Guthrie: ba labule, ba zanen bango, sai matakala da ƴar barandar sama da ƙofofin shiga ta cikin mutane. Fita na ƙarewa wata ta shigo, ba a tsayawa ɗaukar kaya. Zauren Stratford na yanzu yana ɗaukar mutum wajen 1,800, amma ba kujerar da ta fi kimanin mita 20 nesa da dandali. Abin ya yi tasiri har aka kwaikwaye shi a Chichester ta Ingila a 1962 da Minneapolis ta Amurka a 1963.

Abin da ya raba gardama shi ne da Baba ya ce, "To ai haka muke kallon kokawa, haka ake kallon ƴan kama a bakin kasuwa. Labulen ne baƙo." Gaskiya ce. Mutanenmu ba su saba kallon abu daga gefe ɗaya ba, kewaye shi suke yi.

Wahalar tana ga ƴan wasa. Kowa ya saba ya fuskanci gaba ya yi magana. Yanzu duk inda ka juya ka ba wasu baya. Mun fara koyon tsayuwa a karkace, da kada mutum ya daɗe a wuri ɗaya. Na sa yara biyu su zauna a kusurwoyi, duk wanda ya daina jin magana ya ɗaga hannu. Yau hannuwan ba su sauka ba.

23 ga Nuwamba

Jadawali. A takarda abu ne mai sauƙi, a aikace shi ya fi komai cin lokaci. Mun zana shi a allo: sunaye a tsaye, wasanni uku a kwance. Doka ɗaya muka kafa, wanda ya ɗauki babban matsayi a wasa ɗaya, ƙarami zai ɗauka a na biyu, a na uku kuma yana iya zama mai ɗaukar benci ko mai tsaron ƙofa. Litinin da Jumma'a ba bita, ranakun kasuwa ne, rabinmu suna can. Fitowar da ke da mata a ciki ana yin bitarta bayan la'asar, a sallame su kafin magariba.

Wanda ya fi kowa iya wasa a cikinmu bai ji daɗin dokar ba. Shi ne mai gari a wasan ambaliya, sai ga shi a wasan gado an ba shi yaron gida mai kawo buta, maganarsa ba ta fi jimla biyar ba. Ya same ni a keɓe ya ce, "Yaya, mutane za su ce an rage mini daraja." Na gaya masa a kakar farko ta Stratford, Irene Worth ta fito a tsohuwar sarauniya mai tsinuwa a dare ɗaya, washegari ta zama budurwa mai neman mijin da take so. Jin daɗin mai kallo yana cikin ya gane fuskar jiya a rigar yau. Na kuma gaya masa abin da na fi damuwa da shi: in shi ke riƙe da wasanni ukun, ranar da zazzaɓi ya kama shi mun rufe ke nan, kuma ƙananan ba za su taɓa girma ba. Ya tafi bai ce komai ba. A bitar jiya ya shigo da butar nan yana tafiya a hankali kada ruwa ya zube, idonsa a kan kwanon goron magada, har wadda ke fitowa a uwargida ta kasa riƙe dariya.

7 ga Disamba

Inna, telar da ke mana ɗinki, ta kawo kayan wasan ambaliya. Ta yi yawo gidajen tsofaffi a Maradawa ta samo zanen saƙi biyu na gaske, aro, da alkawarin ba za a wanke su da omo ba. Ta ɗinka jar hular gardi da gajeren wandon kakin kumandan. Malafa da walki mun samu a kasuwa.

Na roƙe ta abu ɗaya, ta ɗinka ƴar alama a cikin wuyan kowace riga, da lamba. Mun sayi akwatunan ƙarfe uku, kowane wasa da nasa, da littafi da ake rubuta abin da ya fita da wanda ya ɗauka. Ta ce, "Ɗan nan, duk wannan a kan tsummoki?" Na ce, "Inna, kayan wasanmu na bara ina suke?" Ta yi shiru, don ta san rigar alƙalin da ta ɓata mako tana yi wa aiki ta ƙare a jikin wani ranar sallah.

A Stratford suna da ma'ajiya mai ɗauke da tufafin wasa dubbai, suna sake amfani da su, suna kuma ba wasu haya. Manomin da ba shi da rumbu, komai yawan amfanin da ya samu, baɗi daga kasuwa zai fara. Shekarunmu duka haka muke yi.

28 ga Disamba

Makon nan bita ta yi rauni, hankalin kowa yana kan kokawar takobi, ko'ina ka bi rediyo ne ke tashi. Ban hana kowa ba. Sai muka yi amfani da lokacin muka yi maganar kuɗi.

Wani ya kawo shawarar a sa dambe ko kiɗan zamani kafin wasa don a jawo mutane. Na ba su labarin Ashland, wani ƙaramin gari a jihar Oregon ta Amurka. A 1935 wani malami, Angus Bowmer, ya nemi hukumar gari ta taimaka a nuna wasannin Shakespeare biyu. Suka ba da dalar Amurka 400, amma don tsoron asara suka ce sai an haɗa da damben zamani da rana. Da aka yi lissafi, damben ne ya faɗi, kuɗin wasan kwaikwayo suka cike gurbinsa. Wannan bikin ma yana nan har yau. Ban ce haka za ta faru a Maraɗi ba, mu nan kokawa ba ta faɗuwa. Amma wanda dambe ya kawo, da an gama dambe zai tashi, ya tashi da na kusa da shi.

Abin da muka tsayar: yara dala ashirin, manya dala hamsin, wanda ke son ganin wasanni ukun ya biya dala ɗari a ba shi kati a riƙa hudawa. Katin nan na fi sa wa rai, domin shi zai nuna ko mutum zai dawo. Mai shayi da mai ƙosai za su zauna a bakin ƙofa, ba za mu karɓi komai a hannunsu ba bana. Wani Alhaji a Sabon Gari ya ba da aron tampol da benci ashirin, ya ce kada a ambaci sunansa. Allah ya saka masa da alheri.

Mun kuma yarda cewa ba za a cusa saƙon kowa a cikin wasannin nan uku ba, ko da an zo da kuɗi. Mai saƙo ya zo a yi masa nasa daban, kamar yadda aka saba.

4 ga Janairu

Wanda ke fitowa a tafinta ya tafi Katsina ta Ɗan Isa, mahaifiyarsa ba lafiya, bai san ranar dawowa ba. Allah ya ba ta lafiya. Matsayinsa ne ƙashin bayan wasan ambaliya: kumandan yana magana da Faransanci, tafinta yana juyawa zuwa Hausa yana ragewa yana ƙarawa, mai gari yana amsa abin da aka gaya masa, ba abin da aka faɗa ba. Duk wanda ya yi lakwal a cikin masu kallo zai ji ɓangarorin biyu, wanda bai yi ba zai gane daga fuskoki. A 1956 Stratford sun yi wani abu mai kama da haka a wasan Shakespeare mai suna Henry V, suka kawo ƴan wasa masu Faransanci daga Kebek su fito a fadawan Faransa.

A wasan Henry V ɗin dai, wata rana Christopher Plummer, wanda ke fitowa a sarki, ya kwanta ciwo, wani matashi da aka ajiye don irin wannan rana, William Shatner, ya hau ya riƙe matsayin. Tun Nuwamba muka ce kowane babban matsayi sai da mutum na biyu da ya san shi, wasu suna ganin ɓata lokaci ne. Yau mai kabu-kabun nan ya hau a tafinta. Faransancinsa na titi ne, ya kuwa dace da matsayin fiye da na mai takarda.

Akwai kuma maganar yarinyar da ke fitowa a amarya a wasan gado. Mahaifinta ya ji an ce wasan har dare. Baba da Inna suka je suka gaishe shi, suka nuna masa jadawali, suka ce ya zo ya gani da idonsa, ya kuma turo yayanta ya riƙa rako ta. Ya amince. Saboda ita da sauran mata, wasan gado zai riƙa farawa bayan la'asar a gama kafin kiran magariba. Sauran biyun bayan isha'i.

11 ga Janairu

Hunturu ya sauko da ƙarfi. Tampol ɗin da muka ɗaura ta gabas yana bugawa har ba a jin magana, sai muka sauke shi muka kafa zana biyu-biyu, iska tana ratsawa ba ƙara. Ƙura tana kama maƙogwaro, mun ajiye tulu da citta a bayan dandali. Injin wuta mun kai shi bayan katanga da doguwar waya.

Masu tantin Stratford ma sun sha irin tasu. In ruwan sama ya sauka bisa tantin sai ya danne muryoyi, ga zafi, ga kukan jirgin ƙasa. Kaka huɗu suka yi a haka kafin ginin dindindin da Robert Fairfield ya zana ya buɗe a 1957, an kuma yi rufinsa da siffar tantin. Da annobar Korona ta hana su wasa a 2020, a 2021 ƙarƙashin rumfuna a waje suka koma.

Su da kakakin Turawa ake kiran mutane su shiga, da kiɗan da Louis Applebaum ya tsara. Wani ya ce mu ma mu nemo kakaki. Baba ya girgiza kai ya ce, "Kakaki da tambari na Sarki ne, ba a wasa da su." Mai kalangu zai zagaya farfajiya sau uku, na ukun shi ne a zauna.

19 ga Janairu

Jiya muka buɗe da wasan ambaliya. Benci sun cika, tabarmin yara ya cika ya tumbatsa, gefen hagu ne kawai da sauran wuri.

A fitar da ruwa ke shiga gari ba mu da komai sai dogon shuɗin zane da yara huɗu suka riƙe, suna shigowa da shi ta cikin mutane a duƙe. Mai gari yana tsaye bisa turmi yana kiran unguwanni ɗaya bayan ɗaya a fito. Da ya kira Limanci, wata tsohuwa a benci na biyu ta amsa da ƙarfi, "Mun fito!" Ba wanda ya yi dariya. Mai gari ya juya ya dube ta, ya ce, "Inna, a kama hannun yara," ya ci gaba. Bayan an tashi ta riƙe hannunsa ta ce mahaifiyarta a kan kai ta ɗauko tukunya da jariri a ranar. Da dandalin yana manne da bango bayan labule, da wannan magana ba ta shiga wasan ba.

Abubuwan gyara: fita ta uku ta yi tsawo, yara sun fara motsi. Kumandan yana ba gefen dama baya. Fitila ɗaya tana haska idon masu kallo.

Yau kuma aka juya zuwa wasan gado. A Stratford ma'aikata suna sauke kayan wasan rana su ɗora na dare a ƴan sa'o'in da ke tsakani. Namu turmi ne da zana da akwati ɗaya, amma sai da muka rasa inda aka ajiye carbin dillali, aka ari na mai shayi. Daga yau mutum ɗaya ke da alhakin kowane akwati, shi zai ƙirga kaya kafin wasa da bayansa.

2 ga Fabrairu

Mun shiga mako na uku. Abin da nake fata ya fara bayyana. Wasan gado na yau ba shi ne na ranar farko ba. Uwargida ta gano cewa in ta yi shiru ta gyara ɗaurin kallabinta kafin ta amsa wa amarya, dariyar ta fi ƙarfi. Yaron buta ya rage jimlolinsa biyar zuwa uku, mutane kuma shi suke jira. Fita ta uku ta wasan ambaliya ta ragu da kanta, ƴan wasan sun ji inda jama'a ke gajiya sun zubar da abin da ba shi da amfani. Tafinta na asali ya dawo, mahaifiyarsa ta samu sauƙi, yanzu su biyu ke karɓa-karɓa, kuma akwai masu dawowa don su ga bambancin.

Katin wasanni uku yana tafiya fiye da yadda na zata, musamman wajen ɗaliban jami'a da matan unguwa.

Wasan ɗan ci-rani ne ke da ƙarancin mutane. Ranar Alhamis rabin benci babu kowa. Wasu sun ce a cire shi a ƙara ranakun wasan gado, tunda shi ke kawo kuɗi. Na ƙi, kuma na faɗi dalilina a gaban kowa. Ko a Stratford wasannin waƙa da rawa su ke cika manyan zaure, kuɗinsu ke ɗaukar nauyin waɗanda ba su da jama'a sosai, amfanin riƙe wasanni da yawa a hannu ɗaya ke nan. Kuma waɗanda ke zuwa na ɗan ci-rani dattawa ne da magidanta da suka yi wannan tafiya da ƙafarsu, suna zama har ƙarshe, suna tsayawa su yi wa Baba magana. Ɗaya daga cikinsu ya tuna masa wata fita da ya manta, inda ƙanen ke auna hatsi a gaban wansa. Za mu mayar da ita. Abin da muka sauya shi ne rana: ya koma Asabar bayan isha'i, wasan ambaliya ya dawo Alhamis.

Aikin makon nan: allo ɗaya na dandali ya tsage ta gefen hagu, kafinta zai zo Laraba. Ɗalibai biyu za su fara rubuta wasannin uku daga abin da aka ɗauka da waya, yadda ake yin su yanzu, su bar wuraren da ɗan wasa ke cikawa da bakinsa a buɗe kamar yadda Baba ya ce. Sai mun samu ɗakin da akwatunan za su zauna bayan azumi, inda ruwa da gara ba za su kai ba, mu kuma tsayar da wanda zai riƙe mabuɗi. Zanen saƙi biyu za a mayar wa masu su ranar da aka rufe, Inna ta ce za ta nemo masaƙi ya yi mana namu kafin baɗi.